Labarin Gidajen Wanka na Birnin Santambul

Santambul babban birni ne a ƙasar Turkawa, rabinsa a Turai, rabinsa a Asiya, ruwan teku ya ratsa tsakani. Cikin abubuwan da ya yi suna a kansu akwai gidajen wanka na jama'a, waɗanda Larabawa ke ce wa hammam. Tun kafin Turkawa su ci birnin akwai su.

A shekarar 330 Sarkin Rum Kustantin ya mai da wannan birni mazaunin sarautarsa. Rumawa kuwa mutane ne masu son wanka ƙwarai. Suka jawo ruwa daga tuddai masu nisa bisa wata doguwar gada ta dutse, wadda har yanzu tana nan tsaye a tsakiyar gari. Wani lissafi da aka rubuta wajen shekarar 425 ya nuna akwai manyan gidajen wanka 8, da ƙanana 153. Wanda ya fi suna cikinsu, watau Zeuksippus, ya ƙone a tawayen shekarar 532, aka sake gina shi.

Da Sultan Muhammadu na Biyu ya ci birnin a 1453, sai al'adar ta sami sabon dalili. Musulmi ba ya salla sai da tsarki, ga wankan janaba, ga na Jumma'a, ga shi kuwa yawancin gidaje ba ruwa a ciki. Saboda haka duk babban mutumin da ya gina masallaci yakan gina gidan wanka kusa da shi, ya yi wakafi da shi. Kuɗin da masu wanka ke biya da su ake ciyad da masallaci, da makaranta, da gidan abincin miskinai. Waziri Mahmud Basha ya gina nasa a 1466. Sarkin magina Sinan ya gina wa Hurrem, matar Sultan Sulaimanu, wani a 1556 dab da masallacin Aya Sofiya, ya kuma tsara na Cemberlitas da aka gama a 1584. Wani matafiyi mai suna Auliya Calabi, wanda ya rayu a ƙarni na 17, ya ƙidaya guda 151.

To, ga yadda ginin yake. Da farko akwai zaure babba mai ƙubba, inda mutum zai tuɓe ya ɗaura zane. Daga nan ya shiga ɗaki mai ɗan ɗumi, jiki ya saba, sa'an nan ya zarce ɗakin zafi. A tsakiyarsa akwai dakali na marmara, nan ake kwanciya har gumi ya keto, ma'aikaci ya cuɗe mutum da soso, ya yi masa tausa. Wutar kuwa tana can baya cikin wani ƙaton murhu. Zafinta da hayaƙinta suna bi ta ƙarƙashin daɓe da cikin bango. Rumawa sukan shiga tafki su yi iyo, amma Turkawa sun fi yarda da ruwa mai gudana, sai a tara shi a ɗan kwarmin dutse a riƙa kamfata da tasa.

Maza da mata ba su haɗuwa. Wani gidan yana da sashe biyu, kowane da ƙofarsa, wani kuwa sai a raba lokaci. A wurin mata nan ce mahaɗa. Can ake kai amarya kafin biki, can mai jego ke zuwa ranar arba'in, can kuma uwa ke duba wa ɗanta yarinyar da zai aura. Marayu marasa makwanci sukan kwana a bakin murhu lokacin sanyi.

Amma wurin taro ba ya rasa magana. A 1730 wani mutumin Albaniya, Patrona Halil, wanda ya taɓa aikin gidan wanka, ya ta da tawaye har Sultan Ahmadu na Uku ya sauka daga gado. Daga baya hukuma ta sa wa ma'aikatan gidajen ido ƙwarai. Ga kuma wata matsala: kowane gida yana cin itace da ruwa ba iyaka. Sultan Mahmudu na Ɗaya ya gina na Cagaloglu a 1741, domin kuɗinsa su riƙe ɗakin littattafansa, amma a 1768 Sultan Mustafa na Uku ya hana sake gina manya irinsa, don kada talakawa su rasa ruwan sha da makamashi.

Abin da ya karya su daga ƙarshe shi ne famfo. Da ruwa ya shiga gidaje a ƙarni na 20, kowa ya yi makewayinsa, ciniki ya ja baya. Na Hurrem aka rufe shi a 1910, ya zama ma'aji, ya zama wurin sayar da dardumai, sai a 2011 aka gyara shi ya koma aikinsa. Na Mahmud Basha ya zama kasuwa. Na Cemberlitas da na Cagaloglu suna nan suna aiki, baƙi masu yawon buɗe ido su ne yawancin masu zuwa.

Mai karatu ya lura: waɗanda suka gina su sun tanadi ruwa, sun tanadi kuɗin gyara, tun kafin su aza tubali. Shi ya sa aikinsu ya wuce shekara 400 yana amfanin jama'a.