Amana da Kasuwanci a Tarihin Maraɗi

Wanda ya dubi Maraɗi da manyan motocinta masu zirga-zirga tsakaninta da Katsina da Kano zai iya ɗauka cewa tun fil azal birnin ciniki ce. Tarihi bai nuna haka ba. Bayan da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a shekarar 1807, sarakunan Katsina na dauri sun yi ta ƙaura, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a bakin Gulbin Maraɗi wajen shekarar 1819. Garin ya tashi a matsayin sansanin mayaƙa, ayarin fatake kuwa ya fi bin hanyar Tasawa da Damagaram da Kano. Kusanci da iyaka da zuwan hanyar mota sun taimaka wajen sauya wannan hali, amma jarin da ya fi yin aiki shi ne amanar da ke tsakanin mutum da mutum.

Wannan jari ya girmi mulkin Nasara. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna shafe watanni a hanya ƙarƙashin madugu guda, kuma a kowane zango akwai mai masauki wanda zai sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayar da kayan bashi. Shaidu da mutuncin mai masaukin su ne jingina. Haka nan a Damagaram, a ƙarshen ƙarni na 19, attajiri Malam Yaro ya yi hulɗa da Larabawan Tarabulus ta hannun wakilai waɗanda zai yi watanni bai sa su a ido ba.

Da jirgin ƙasa ya fara jigila a Kano a shekarar 1912, gyaɗa, wadda Maraɗawa suka fi kira gujiya, ta zama hajar fitarwa zuwa Turai. A 1927 Faransawa suka ɗauke mazaunin kwamanda daga Tasawa zuwa Maraɗi, kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna, ƴan Labanan su ma suka shigo. Sai dai Bature bai san manomi ba, bai san hanyar ƙauye ba. Saboda haka idan kaka ta yi, sai ya danƙa kuɗi ga wani ɗan gari da ya yarda da shi, wannan ya rarraba wa yaransa, su kuma su bazu cikin kasuwannin karkara da ma'auninsu. Kuɗin kan ratsa hannu uku ko huɗu kafin ya isa ga mai gona, kuma kowane hannu dole ya maido da buhunan da suka yi daidai da abin da ya karɓa. Wanda ya cika lissafi, baɗi a ƙara masa. Wanda ya yi giɓi, labarinsa ya riga shi isa kasuwa. Ambaliyar 1945 ta rushe tsohon gari da ke cikin kwari, aka sake gina Maraɗi a kan tudu, amma wannan sarƙa ta yarda ba ta tsinke ba.

Daga cikin waɗannan masu sayen gyaɗa ne manyan alhazan birnin suka fito. Ginshiƙin harkarsu shi ne dangantakar uban gida da bara. Bara yana aiki ba tare da albashin da aka yanka masa ba: shi ne mai rakiyar kaya, mai tsaron shago, mai karɓo bashi. Uban gida kuwa shi ke ciyar da shi, ya ɗinka masa kayan salla, ya yi masa aure, ya ɗauki nauyin suna, idan ya shiga hannun hukuma ya fito da shi. Bayan shekaru, in ya gamsu da riƙon amanarsa, sai ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, kuma ko ya zama alhaji ba zai daina zuwa gaisuwa ƙofar gidan da ya tashi ba. Bafaranshen nan mai bincike, Emmanuel Grégoire, a littafin da ya wallafa kan alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna cewa arzikin mutane ne ke jawo arzikin kuɗi, domin yawan barorin ɗan kasuwa shi ne yawan kasuwannin da hannunsa ke kaiwa.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnati ta kafa bankin BDRN a 1961, sannan SONARA da COPRO-Niger a 1962, ƴan ƙasa suka samu bashin banki da izinin sayen gyaɗa. Lokacin yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, hanyoyin kudancin Nijeriya sun dagule, alhazai suka shiga kai kaya Arewa. Da fari da cutar shuka suka karya noman gyaɗa a tsakiyar shekarun 1970, sai suka koma ga fiton atamfa da taba sigari daga Kwatano zuwa Nijeriya. A nan ne darajar abokin haraka ta bayyana. Cinikin da ya ƙetare iyaka, wani sa'in ma ba ta ƙofa ba, babu kotun da za a kai ƙararsa. Alhaji a Maraɗi zai aika kayan miliyoyi zuwa Kano ko Katsina a kan magana kawai, abokin ya sayar ya aiko da kuɗi, domin sun haɗa kakanni, ko malami, ko surukuta.

An sha gwada ƙarfin wannan igiya. A watan Afrilu na 1984 Nijeriya ta canza takardun naira, ta rufe iyakokinta har zuwa Maris na 1986, abin ya haɗu da yunwar da talakawa suka laƙaba wa suna El-Buhari. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. An sake rufe iyaka a 2019 da 2023. A irin waɗannan lokuta, mai abokin da zai ɗaga masa ƙafa kan bashi yana da damar farfaɗowa, wanda kuwa ya taɓa cin amana ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Duk da haka, tsarin yana da rauninsa. Matashi mai basira wanda ba shi da uban gida kan daɗe yana ɗaukar kayan wasu, kuma akwai barorin da suka tsufa suna jiran jarin da bai zo ba. Mafi girman darasi shi ne na BDRN, wanda basusukan da ba a biya ba a sassan ƙasar suka taimaka wajen durƙusar da shi a 1990. Mutumin da ba zai iya barci da bashin abokinsa ba, sai ga shi yana ganin kuɗin banki kamar ba su da mai su. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma biyansa ne ke bambanta mutane, kuma dukiyar jama'a ita ma amana ce.

Fada tana da rabonta a wannan tarihi. Rigimar bashi da yawa a gaban sarki ko mai unguwa ko sarkin kasuwa take mutuwa, inda ake neman a biya haƙƙi ba tare da an raba zumunci ba. Ƴan kasuwar yau suna aika kuɗi ta wayar salula, suna sayo kaya daga Dubai da Sin, amma kafin a saki haja har yanzu ana tambayar ɗan gidan wane ne, kuma wa ya tsaya masa. Jikokin fatake da suka gaji shaguna da motoci sun gaji sunan gidajensu tare da su, kuma riƙon wannan suna yana wuyansu. Allah ya ja zamanin Sarki, ya albarkaci kasuwa da masu cinta.