Asalin Kalmar "Boss" a Turanci

Kalmar "boss" da Turawa ke kiran shugaba da ita ta samo asali ne daga "baas" ta harshen mutanen Holan, mai nufin maigida ko ubangidan masu sana'a. Ta shiga Turanci a New Amsterdam, garin mutanen Holan da Turawan Ingila suka ƙwace a 1664 suka sa masa suna New York.

A ƙarni na 19 ta bazu a Amurka. Ma'aikata 'yantattu sun ƙyamaci kiran mai ba su aiki "master", tunda da ita bayi ke kiran iyayengijinsu, sai suka rungumi "boss", wadda ba ta zubar da mutuncin leburan da ke karɓar ladansa.

Siyasa kuwa ta ɓata mata suna. William Tweed, jagoran ƙungiyar siyasa ta Tammany Hall, ya wawure dukiyar New York har aka san shi da Boss Tweed, kuma a kurkuku ya mutu a 1878. Har yau ana kiran ubangidan siyasa mai juya gari a bayan fage da "boss". A Afirka ta Kudu abin ya fi muni: "baasskap", wadda ta fito daga "baas", na nufin danniyar farar fata. Masu wasan kwamfuta kuma suna kiran babban abokin gaba na ƙarshen mataki da "boss".