Kifi, Shinkafa da Mazarƙwaila: Tarihin Farantin Dare a Ƙasar Makarfi

Akwai wani hoton abinci da ke yawo a wayoyin ma'aikata a 'yan shekarun nan: yankan kifin salmon da aka shafe da romo mai zaƙi aka gasa har yana sheƙi, a gefensa farar shinkafa da kayan lambu, tare da alkawarin cewa rabin sa'a ya isa a haɗa shi bayan an taso daga aiki. Salmon kifin ruwan sanyi ne, ba ya rayuwa a kogunanmu. Yawancin wanda duniya ke ci a yau na kiwo ne, sana'ar da ta kankama a gaɓar tekun Norway wajen 1970, romon kuwa salon Japan ne. Sai dai duk wanda ya san ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan, in ya dubi farantin da kyau, zai ga cewa ban da kifin babu abin da gonakin yankin ba sa bayarwa. Abin dubawa shi ne yadda kowane ɗaya ya iso, da dalilin da ya sa har yau kaso mai yawa na farantin ta tashar jirgin ruwa yake biyowa.

Zaƙin nan, wanda ya fi kama da baƙo, shi ne ya fi kowa zama ɗan gida. Rake ya daɗe a fadamun ƙasar Hausa, kuma masana tarihin Daular Sakkwato sun ruwaito cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa wurin sarrafa shi a Gidan Maikara tun ƙarni na 19. Amma mazarƙwailar da muka sani, wadda ake matsewa da injin ƙarfe, tarihinta ya bi ta Gimi, a cikin ƙaramar hukumar Makarfi ta yanzu. Wajen 1914 'yan mishan na CMS da ke Zariya suka kafa wani ƙauye a can domin wasu daga cikin Isawa, ƙarƙashin kulawar W. A. Thompson, mutumin tsibiran Karibiyan, inda rake ya kasance ginshiƙin rayuwa na ɗaruruwan shekaru. A wannan ƙauyen aka shigo da injin matse rake. Ƙauyen bai yi tsawon rai ba, domin ciwon barci ya yi masa mummunar ɓarna, amma injin ya tsira, manoman yankin suka karɓe shi suka mai da shi nasu.

Aikin bai sauya sosai ba tun daga lokacin. Doki na zagayawa yana juya injin, ana tura karan rake tsakanin ƙarafa, ruwan na tsiyaya. A tafasa shi a babban kasko, ana hura wuta da ɓawon raken da ya bushe, har ya yi kauri, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. A yau injin mai amfani da mai ya karɓi aikin doki a wurare da yawa. Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sukarin Turai ya yi wuya, ya faɗaɗa wa sana'ar kasuwa. Bayan samun 'yancin kai sai hankalin gwamnati ya koma kan manyan masana'antu, Bacita a shekarun 1960, sannan Numan. A ganina nan aka yi sake. An bar masu ƙananan injuna da kaskonsu ba tare da wani ya damu da inganta musu aiki ba, manyan masana'antun kuma ba su taɓa wadatar da ƙasa ba. Yanzu mafi yawan sukarin da ke kantunan Makarfi ɗanye ne da aka ɗauko daga Brazil aka tace a Legas, alhali motocin rake na fita daga garin zuwa sassan Najeriya domin a sha a tsotse.

Ita shinkafa labarinta na lokaci ne. Ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma, domin kusan shekara 3,000 ke nan da aka fara noma jar shinkafar Afirka a fadamun Kogin Kwara na ƙasar Mali, kafin irin Asiya ya shigo. Amma a ƙasar Zazzau abincin dare tuwo ne, na dawa ko na masara, da miyar kuka ko kuɓewa. Shinkafa ta Sallah ce da biki da saukar babban baƙo. Arzikin man fetur da ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970 suka sauya lissafi: jiragen ruwa suka riƙa sauke shinkafar waje wadda ba tsakuwa ba tsinta. Tuwo na buƙatar surfe da niƙa da tankaɗe da tuƙi, matar da ke koyarwa a makaranta ko aikin jinya kuwa ba ta da wannan sararin a ranar Talata. Gwamnatoci sun yi ta kai da komo: an haramta shigo da ita a 1985, an ɗage a 1995, an rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ya mayar da shinkafa abincin Sallah kawai.

Kifi shi ne raunin yankin tun asali. Ƙasar tudu ce da rafuka da fadamu, abin da masunta ke samu na tarwaɗa da ƙarfasa bai taɓa isa ba. Kifin da kakanninmu suka sani a miya busasshe ne ko banda, wanda fatake ke kawowa daga nesa, musamman daga Tafkin Chadi. Tafkin ya janye ƙwarai tun daga farin shekarun 1970, rikicin arewa maso gabas kuma ya daɗa gurgunta kasuwar Baga. Gurbin sai kifin ƙanƙara ya cike shi, wanda ake kamowa a tekunan Turai da na Afirka ta Yamma, ya yi tafiyar kusan kilomita dubu daga Legas a motar sanyi. Kiwon kifi kuwa, ko da yake an buɗe gonar Panyam ta Filato tun farkon shekarun 1950, bai zama sana'ar bayan gida ba sai a shekarun 2000, lokacin da tafkunan kankare da na tamfol suka yawaita. Daga nan ne masu gasa tarwaɗa suka samu gindin zama kusa da masu tsire da balangu.

Kayan lambu ba sa buƙatar dogon bayani ga wanda ya taɓa ratsa Hunkuyi da rani. Tumatir da tattasai da attaruhu asalinsu nahiyar Amurka ne, amma sun zauna daram. A 1981 aka kafa masana'antar tumatir ta Ikara, ta yi fiye da shekara ashirin a rufe, manoma suna shanya amfaninsu a ƙasa ana sayar da na gwangwani a kanti. A Mayun 2016, da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki, gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

Shafa wa nama ƙwaɓi kafin ya hau wuta ba sabon ilimi ba ne ga mutanen da suka ƙirƙiri labun kilishi. Tarwaɗa tana da maiƙo kamar salmon, don haka ba ta bushewa a kan garwashi. Mazarƙwaila da aka narkar da ruwan tsamiya, da citta da tafarnuwa da ɗan barkono, tana ba da sheƙin nan da ake gani a hoto, har da ɗan ƙamshin ƙauri da farin sukari ba shi da shi. Sharaɗin ɗaya ne: zaƙi yana saurin ƙonewa, saboda haka sai kifin ya kusa nuna ake shafa shi, a juya sau biyu a sauke.