Watan bakwai ba Yuli ba ne, ba kuma Rajab ba

Malamai da iyaye, in yaro ya ji ana cewa "watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama" ya tambaye ku wane wata ke nan, don Allah kada ku ce masa Yuli ko Rajab. A Yuli damina ta riga ta zauna a Maraɗi. Rajab kuwa yawo yake tsakanin hunturu da bazara da damina, tun da shekarar Hijira kwana 354 ce, ta gaza ta rana da wajen kwana 11.

Wannan ƙirgen manoma ne, wanda annan kwarin gulbin Maraɗi suka riƙe, har bayan da Gobirawa suka kafa Tibiri a 1836. Daga kaka ake farawa: sai gero ya shiga rumbu ake ɗora sabon lissafi, shi ya sa na bakwai ke faɗowa wajen Mayu, manomin Jiratawa ya fara duban gabas. A ganina dabarar ke nan, hatsi ke gyara wa wata zama kowace shekara.

Haka Bani Isra'ila suka yi da sha'ir. Attaura ta kira watansu na fari Abib, wato zangarniyar da ta kusa nuna. In wata ya tsaya sha'ir bai kai ba, sai a ƙara wata na 13, domin Idin Ƙetarewa ya zo daidai da damin fari. Daga baya malamansu suka mai da abin lissafi, ƙarin wata sau 7 cikin shekara 19, aka daina zuwa gona dubawa.