Dakashi da ungozomar da aka manta

Tambayi kakarka a Tsafe ko Bunguɗu, za ta gaya maka a da matse dakashi ake yi a zubar, wai ƙazanta ne, a ɗura wa jinjiri ruwa kafin nono ya "gyaru". Alhali wannan nonon farko mai ruwan ɗorawa cike yake da sinadaran da ke kare jariri daga gudawa.

A 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da shirin ƙarfafa shayarwa a asibitoci, a 2001 hukumar ta ce nono zalla har wata shida. To amma fa asibiti aka kai saƙon. Mai haihuwa a asibitin Gusau za ta iya jin sa. Mafi yawan matan Zamfara kuwa a gida suke haihuwa, a hannun ungozoma da uwar miji, su ke yanke abin da zai fara shiga bakin jariri.