Daga Rediyon Kaduna Zuwa Zittnet: Tarihin Rabon Sararin Sama a Yankinmu

Duk wanda ya girma a Kafanchan, Zonkwa ko Kagoro a zamanin akwatin rediyo mai batir ya san yadda dare ke yi, tashoshi su hau kan juna, kana sauraren labarai sai muryar wata ƙasa ta kutso. Dalilin shi ne da dare matsakaicin zango yana tafiya nesa fiye da rana, don haka tashar da ta fi ƙarfi takan danne ta kusa da ita. Wannan matsala ta katsalandan ta daɗe, kuma maganinta tun can shi ne a ƙayyade ƙarfin da kowa zai watsa da shi.

Gidan Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma ta gajeren zango muryarsa ta kai Nijar, Kamaru, Chadi da Ghana. Da tashoshi suka yawaita, ƙasashen Afirka, Turai da Asiya suka zauna a Geneva a 1975, suka raba wa kowace tasha mitarta da iyakar ƙarfinta. A gida kuma, dokar soja mai lamba 8 ta 1979, wadda ta kafa gidan Rediyon Tarayya, ta keɓe masa gajeren zango da matsakaici mai ƙarfi, ta bar gidajen jihohi da ƙarfin da zai wadaci jiharsu kawai. A 1992 aka kafa hukumar NBC don gidajen rediyo da talabijin, da NCC don harkar sadarwa.

Kafanchan tana da nata babi a wannan tarihi. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta samar da Zittnet da tallafin cibiyar IDRC ta Kanada. Ana ɗaukar intanet daga tauraron ɗan'adam, a rarraba ta iska daga dogon turke zuwa makarantu, asibitoci da ofisoshi. Irin wannan tsari yana amfani da zangon Wi-Fi, inda a mita 2.4 hanyoyi uku ne kacal ba sa shiga juna: 1, 6 da 11. Saboda haka ƙara ƙarfi ba ya magance komai. Dabarar ita ce a saita eriya ta fuskanci inda ake so, a ba ta ƙarfi daidai nisan wurin. A 2008 guguwa ta kayar da turken, amma aikin ya riga ya nuna cewa garin da ke nesa da Kaduna da Abuja zai iya gina hanyar sadarwarsa.

Wayar salula ta GSM, wadda ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, a kan wannan ƙa'ida take. Wayar GSM ba ta wuce wat 2, kuma turken kamfani yana umartarta a kai a kai ta rage ƙarfi idan tana kusa, ta ƙara idan ta yi nisa. Shi ya sa batir ke saurin ƙarewa a ƙauyukan bayan duwatsun Kagoro: wayar ihu take yi don a ji ta.

Yau matsalar ta shigo unguwanni. Wasu na sayen na'urar ƙara sabis marar izini su kafa a rufin gida, su samu layi, maƙwabta kuma kiransu ya riƙa yankewa. NCC ta sha gargaɗi a kan haka. Sararin sama kamar rijiyar unguwa ne. Kafin ka kafa irin wannan na'ura, tuntuɓi kamfanin layinka; in kuma kana da Wi-Fi a shago, rage ƙarfinsa daidai girman shagon, domin na kusa da kai ma yana da haƙƙi.