Tsohuwar Jitar Bes a Cikin Birni

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, jitar bes mai aiki da lantarki ba ta daɗe a duniya ba. A 1951 ne Leo Fender ya fito da Precision Bass a Kalifoniya ta Amurka, ya sake fasalin na'urar ɗaukar sautinta a 1957, sannan kamfanin CBS ya saye masana'antar a 1965. Masana sun fi daraja waɗanda aka ƙera kafin cinikin nan. A Arewa, makaɗan zamani irin su marigayi Bala Miller ne suka sa kunnenmu ya saba da amon bes.

Irinta nake gyarawa a zaurenmu, wadda na gada daga kawuna. Shekarunta na rubuce a gindin wuyanta, sai an kwance kusoshi huɗu ake gani. Hunturu ya tsattsage fentin, amma na bar shi, domin sabon fenti rage mata daraja yake yi.

Wahalar tana wajen kayan asali. Maƙeran birni, waɗanda sana'arsu ke ci a Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, za su ƙera maka maɗaurin tsirkiya da ya fi na Bature ƙwari. Mai gyaran rediyo zai liƙe wayoyin da dalma. Amma maganaɗisun asali sai a jikin wata matacciyar jitar. Duk wanda ya san inda aka jingine wata, ko karyayya ce, ya yi mini magana ta hannun sakataren ƙungiya.